Auta ya ce zanen 'yan firamare nake yi

Talata. An kawo wuta tun asuba, abin mamaki, don haka bayan karin kumallo na zauna in ƙarasa shirin nan mai auna zafin batiran sola. Kun dai san shi, wata uku ke nan muna kokawa.

Ina cikin jan wayoyi a allon kwamfuta sai ga Auta ya shigo aron caja. Ya leƙo ta kafaɗata ya kwashe da dariya. "Yaya, wannan kuma fa? Akwatuna da zare kala-kala, wallahi kamar zanen 'yan firamare." Na ce masa LabVIEW ne, manhajar da ake haɗa shirin kwamfuta da zane maimakon rubutu, kuma shiri ne kamar kowane shiri. Ya sa yatsa a kan babban akwatin da ya kewaye sauran, ya ce shi dai a wajensa in ba a buga rubutu ba, ba a yi komai ba. Yaron da ko wata shida bai yi da fara koyon Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, ba! Na ce ɗauki caja ka ba ni wuri. Ya fita yana ƙyaƙyatawa, ni kuwa maganar ta tsaya mini a maƙogwaro har azahar.

Amsar da ta dace sai bayan ya tafi ta zo mini, kamar kullum. Jeff Kodosky, wanda ya ƙirƙiro LabVIEW, kimiyyar fiziks ya karanta. Shi da James Truchard da Bill Nowlin sun yi aiki a wani ɗakin bincike na Jami'ar Texas da ke Austin, suna gwajin na'urorin sauraren sauti a ƙarƙashin ruwa na sojojin ruwan Amurka, kafin su kafa kamfanin National Instruments a 1976 a garejin gidan Truchard. Ciwon da suka sani shi ne nawa: injiniya zai zana maka abin da yake son aunawa a takarda kafin shayinka ya huce, amma sai ya shafe makonni yana rubuta umarni layi-layi kafin kwamfuta ta yarda ta yi magana da na'urar awo. Kodosky ya nemi zanen kansa ya zama shirin. Kwamfutar Macintosh ta fito da linzaminta a 1984, LabVIEW ya biyo baya a 1986, fari da baƙi, kuma a kan Macintosh kaɗai yake aiki.

Akwatin da Auta ya nuna yana dariya kuwa, a nan gizo ke saƙa. Zana bayanai suna bin waya daga wannan ma'aji zuwa wancan tsohon abu ne. Abin da ya gagara shi ne yadda za a zana "yi ta maimaitawa har sai na ce tsaya" ba tare da wayoyi sun harɗe kamar na kasuwar 'yan waya ba. Kodosky ya kewaye sashen da ake son maimaitawa da akwati. Shi ke nan. In ka gani yau sai ka ce ai ni ma zan iya, to me ya hana?

Gaskiya ɗaya dai, Auta bai yi ƙarya duka ba. Manhajar da yara suka riƙa sarrafa mutum-mutumin LEGO Mindstorms NXT da ita, a kan LabVIEW aka gina ta. Amma da LabVIEW ɗin dai aka sarrafa wani sashe na babbar na'urar CERN, cibiyar binciken fiziks da ke iyakar Faransa da Suwizalan.

Bayan la'asar fushin ya wuce, wani abu daban ya zauna a gurbinsa. Kodosky ya shafe gomman shekaru yana kan abu ɗaya a kamfani ɗaya, har aka shigar da shi zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka a 2019. Ni a shekara goma na yi gyaran waya, na yi kiwon kaji, na yi haɗa sola, yanzu ga wannan, kuma ba ni da guda da zan nuna in ce nawa ne. Uwargida ta tambaye ni ko lafiya na yi shiru, na ce ciwon kai ne.

Tuwon dare da miyar kuka. An ɗauke wuta ƙarfe tara. Kibiyar kunna shirin har yanzu a karye take, akwai wata waya da na haɗa ba daidai ba. Auta bai dawo da cajar ba.