Ƙwaryar Goggo

Ina da shekara 23 Goggo ta aiko yaro da asuba wai in zo maza. Yayar babana ce, gidanta na cikin garin Sakkwato, ba nisa da Hubbare. Na iske ta ta riga ta yafa mayafi. Ta miƙo mini ƙwarya da ƙullin garin magarya, ta ce, "Mu tai, ɗiyata." Sai da muka shiga wani gida na ji koke-koke, sannan na gane wankan gawa aka kira ta.

Jikina ya yi sanyi, amma wa ya isa ya ce wa Goggo a'a?

Ta fitar da kowa daga ɗakin, ta bar ni da wata dattijuwa. Lokacin hunturu ne, ta sa aka ɗumama ruwan, ta taɓa da bayan hannu kamar mai shirin yi wa jariri wanka. A raina na ce, to wa zai ji sanyin? Ta lulluɓe mamaciyar da zane, ta naɗe hannunta da tsumma, hannun yana aiki a ƙarƙashin zanen, idonta kuwa yana bango. Ta yi mata alwala, ta fara da dama, ta koma hagu. In tana son ruwa sai ta ɗaga haɓa, ni kuma in zuba. A wanka na ƙarshe ta murza kafur a ruwan, ta raba gashin gida uku ta kitse. Tun da muka shiga har muka fito ba ta yi mini bayanin komai ba.

Bayan shekaru, a Islamiyyar matan aure, malama ta karanta mana hadisin Ummu Aɗiyya, ranar da 'yar Manzon Allah (SAW) ta rasu: a wanke ta da ruwa da magarya, sau uku ko biyar ko fiye, a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a sa kafur a na ƙarshe. Ina zaune ina jin ƙamshin ɗakin nan a hancina.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a hanyar komawa ya faru. Goggo ta ce, "Mi kig gani?" Na buɗe baki zan faɗi wani tabo da na lura da shi a jikin matar. Ta tsaya cak, ta dube ni, ta sake cewa, "Mi kig gani?" Na ce, "Ban ga komi ba, Goggo." Ta ci gaba da tafiya. Matar nan ta wanke rabin tsofaffin unguwarmu, ta ga ramar masu doguwar jinya, ta ga abin da zaman aure ya bari a jikin wasu, kuma har ta koma ga Allah ko 'ya'yanta ba su ji kalma ɗaya ba.

Goggo takan ce a wurin kakarta ta gani, kakar kuma cikin 'yan taru take. Wanda ya tashi a Sakkwato ya san sunan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kafa su. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, jajin ta jagoranci mata daga ƙauye su zo su koyi waƙoƙin addini da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da waɗanda aure ya tsare a gida. Yau an fi tuna waƙoƙin. Ni kuwa abin da ya iso gidanmu daga wannan makaranta hannu ne: jinya, zaman makoki, suturta mamaci.

Nan ne nake ɗan jin haushin zamaninmu, har da ni kaina. A zauren WhatsApp na matan layinmu, kafin a idar da sallar asuba an turo wa'azi goma a kan mutuwa da kwanciyar kabari. Ran da aka yi rasuwa a layin, mata sun cika tsakar gida, ana ta kallon-kallo, sai da aka hau babur aka ɗauko wata tsohuwa daga wata unguwa. Ina cikin masu kallon ranar. Na iya, tsoro ne ya hana ni, don ban taɓa yi ba Goggo ba ta tsaye a kaina. Kunyar wannan rana ce ta sa na fara fita in an kira.

Da Goggo ta rasu, ni na wanke ta. Gashinta ya yi ƙaranci, da ƙyar na samu na kitsa ukun. Da muka buɗe akwatinta neman likkafani, muka tarar ta riga ta yanka nata, ga kafur a ƙulle a gefe. Ƙarƙashinsa akwai wasu guda biyu a ninke, waɗanda take ajiyewa don gidan da ba su da halin saye. Na ɗauko su tare da ƙwaryar. Ɗaya ya tafi da damina, na wata baiwar Allah da ta rasu wajen haihuwa. Ɗayan yana nan cikin akwatina.