Ƙofar amya ta uku

Talata, bayan isha'i.

Na ƙirga ƙudan zuman da suka faɗi har 600 sannan na daina. Duk a ƙofar amya ta uku, wadda ke jikin shingen Kawu. Wasu sun riga sun sandare, wasu na jan ciki suna karkarwa, wasu sun kwanta rigingine suna ta juyi wuri ɗaya. Harsunansu duk a waje. Amya mai lafiya takan zubar da matattu kullum, amma ba sa kai 100 a yini, kuma 'yan uwansu kan kwashe su su yar can nesa. Idan aka ga tuli a bakin ƙofa dare ɗaya, ga harshe a zare, ga karkarwa, to guba ce. Cuta takan ci amya sannu a hankali, yunwa kuma a cikin saƙa take kashe su, kawunansu cuse cikin ramukan da babu komai.

Jiya da hantsi Kawu ya yi wa kankanarsa feshi, tana tsakiyar fure.

Da la'asar na same shi yana wanke famfon feshin. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, da kun bari sai almuru, da ƙudajen sun riga sun koma gida." Ya ce, "Ɗana, ƙwari ke cin gonar, ni kuma ƙwari na fesa. Ai Allah Ya hore mana su ne gaba ɗaya." Bai faɗa da mugunta ba, ban taɓa sanin shi da ita ba. Amma kalmar nan ta horewa ita ta hana ni sukuni tun ɗazu, har abincin dare na kasa ci sosai.

Gaskiya ne an hore mana. Sai dai Alƙur'anin da ya faɗi haka, shi ne ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a doron ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinmu. A Suratun Nahli, aya ta 68 da 69, Ubangiji da kanSa Ya yi wa ƙudan zuma wahayi ya riƙi gidaje a duwatsu da bishiyoyi da abin da mutane ke ginawa, ya ci daga dukkan 'ya'yan itatuwa, ya bi hanyoyin Ubangijinsa. Ke nan ƙudan da ya sauka a furen Kawu jiya umarni yake bi, kamar yadda Kawu ya bi umarni ya tashi sallar asuba. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Na san Kawu ya san duk wannan, ya fi ni sani ma. Abin da ke faruwa shi ne mun saba ajiye karatu a masallaci, gona kuma mu shige ta da lissafi kaɗai, kamar Mai masallacin daban, Mai gonar daban.

Ko ta lissafin ma, an yi hasara ta fuska biyu. Furen kankana yini ɗaya tak yake buɗewa, da safe. Furen mace yana bukatar ƙuda ya sauka a kansa aƙalla sau takwas, ya kawo masa ƙwayoyin garin fure ɗaruruwa, kafin ya ɗaura ɗa mai kyau. Idan ziyarar ta gaza, ɗan yakan fito a karkace, gefe ɗaya a tsuke, ko ya yi rawaya ya faɗi tun yana ƙarami. Ma'aikatan da ke wannan aikin kyauta su ne tulin da na share yau. Nan da mako biyu Kawu zai ga 'ya'ya masu ƙusumbi, ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

A cikin amyar kuma ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda suka mutu ba. Masu fita kiwo su ne manya, waɗanda suka kai kamar mako uku da ƙyanƙyashewa. Idan suka ƙare rana ɗaya, ƙananan da ke renon tsutsa sai su bar reno su fita neman abinci tun lokacinsu bai yi ba. Tsutsa na bukatar ɗumi na digiri 34 zuwa 35 ba dare ba rana, da ciyarwa a kai a kai; da masu reno sun ragu sai ta yi sanyi ta mutu a ramukanta. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kwana 21 ne, saboda haka ramin da aka haƙa jiya sai bayan mako uku zai nuna zurfinsa. Mafi muni, garin furen da ya sha magani, wanda wasu suka samu suka iso da shi gida kafin su faɗi, yana nan ajiye a saƙa, za a yi ta ba jarirai shi kaɗan kaɗan.

Na rubuta wa Kawu a takarda, don baki ya yi min nauyi a gabansa. Kada a yi feshi shuka na cikin fure, in dai akwai yadda za a jira. In ya zama dole, a bari sai rana ta faɗi ƙudaje sun daina tashi, don maganin ya samu dare guda ya bushe. A fara sare ciyawa mai fure da ke tsakanin kunyoyi, domin sau da yawa ita ke jawo su. Kada a fesa ana iska. Maganin ruwa ya fi na gari sauƙi, domin garin yana manne wa gashin jikinsu su kwashe shi tamkar garin fure. Akwai kuma irin wanda shuka ke shanyewa ya bi jikinta har cikin ruwan fure, shi wannan dare ba ya magance shi. Guda uku daga cikinsu Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma. Ruwan wankin famfo a haƙa rami a zuba a rufe, don ƙuda mai ƙishi ba ya tambayar asalin kududdufi. Na ƙarshe, a sanar da mai amya kwana biyu kafin feshi. Da na sani, da na toshe ƙofa da raga tun dare, na lulluɓe amyar da jiƙaƙƙen buhu, na sa musu ruwa a ciki. Yini ɗaya za su iya jure wannan kulle, fiye da haka zafi zai yi abin da gubar ba ta yi ba. In feshin na kwanaki ne, sai a kwashe amyar da dare a kai ta nisan kilomita biyar ko fiye, in ba haka ba su komo tsohon wurinsu.

Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Na ce amin.

Amya ta uku: na cire saƙa biyu masu sabon garin fure, na tsuke ƙofa saura faɗin yatsa biyu saboda 'yan fashi daga sauran amyoyin, na ba su ruwan sukari, awo ɗaya na sukari da awo ɗaya na ruwa. Sarauniya na nan, na gan ta. Ranar Talata mai zuwa zan duba ko akwai sabbin ƙwai. In babu ƙarfi sai in haɗe ta da ta huɗu.

Inna ta ji sauƙin ƙafar, har ta fito tsakar gida da kanta. Yaran sun yi ta murna. Ni ma na yi dariya sosai da magariba, alhamdu lillahi.

Amma da na idar da isha'i sai hadisin nan na Bukhari da Muslim ya faɗo min, na Annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, aka yi masa wahayi cewa ya halaka al'umma guda daga cikin al'ummomin da ke tasbihi. Kullum da dare in na kara kunne a jikin amya nakan ji gunjin nan nasu mai kauri, na fifita da fikafikai suna busar da ruwan fure ya zama zuma. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai alamar lafiya. Ɗazu na fita da fitila na saurara. Ta ɗaya da ta biyu da ta huɗu suna yi kamar kullum. Ta uku sai da na riƙe numfashi kafin na ji ta.

Gobe da sassafe zan share sauran, in binne su kada kaji su tsattsage.