Yanda na koyi ɗura bindigar toka a hannun kawuna

Tun ina yaro in an sauko idi a Ƙofar Doka a Zariya ba dawakai nake kallo ba, ni dai idona na kan 'yan bindigar sarki, wannan ƙarar da kake jinta har cikin ƙirjinka da farin hayaƙin nan mai warin ƙibiritu. Kawuna yana cikinsu tun zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris wanda ya hau a 1975, kuma har yanzu da Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli ya hau a 2020 bai daina fita ba, sai dai ƙafa ta fara bashi matsala. Toh shine na je na durƙusa nace Kawu dan Allah ina so in gaje ka.

Abun da ya fara tambayata takarda ce. Yace ɗana ko bindigar toka ce dokar makamai ta 1959 bata barta haka nan ba, izininta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma ballantana yanzu da kalmar ɗan bindiga ta koma sunan ɓarayin daji, dole mutum ya tsarkake kanshi. Wlh wannan maganar tana cin ranshi, sunan da ya gada da alfahari yau in ka faɗa a mota kowa sai ya juyo ya kalle ka.

Ni kuma lokacin na cika kaina da bidiyoyin YouTube na mutanen Amurka da ke sake cika kwanson harsashi a garejin gidansu, da ɗan injin matsawa da sikeli mai auna garin harsashi ƙwaya-ƙwaya. A can ƙasarsu ta yarda. Mu nan haɗa harsashi aikin masu izinin gwamnati ne irinsu DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna tun 1964, in ka taɓa a ɗakinka gidan yari ne kawai. Amma abu ɗaya na ɗauka a wajensu wanda na tarar Kawu ma shi yake yi ba tare da ya taɓa ganin intanet ba: awo.

Wata guda cur bai barni na taɓa albarushi ba. Wanki kawai. Albarushi yana barin baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar nan tana jan laima tana cin ƙarfe, in ka kwana biyu baka wanke ba tsatsa ta kama ciki inda idonka baya kaiwa. Ruwan zafi, tsumma, a busar sosai, sannan a shafa mai kaɗan. Na gaji har na fara ƙorafi, yace wanda bai san cikin bindigarshi ba ai bai san abun da ya rungume ba.

Ranar da ya bani ma'auninshi, wani ɗan ƙaho ne da ya yi baƙi ya yi sumul saboda hannu, ya nuna mun iya inda ake cikawa, yace ba a zubawa kai tsaye daga gorar albarushi, ko sau ɗaya. Dalili kuwa in akwai ɗan garwashi da ya rage a ciki daga harbin baya, wutar zata biyo garin ta hau har cikin gorar da ke hannunka. Daga gora zuwa ma'auni, ka toshe gora, sannan bututu, kuma fuskarka da yatsunka kar su tsaya a saitin bakin. Mu na hawa bama sa dalma ko wani ƙarfe, gari ne da ɗan abun toshewa, amma duk da haka a kusa yana ƙona mutum yana iya fasa ido, shi yasa baki kullum sama yake kallo.

Kuskuren da na yi a Hawan Daushe na farko har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ga tambura ga algaita ga jama'a ta ko ina, na ja kunama bata tashi ba, amma saboda na kusa da ni ya harba a daidai lokacin sai na ɗauka tawa ce. Na ɗauko ma'auni zan sake zubawa kenan Kawu ya damƙe mun wuyan hannu. Bai ce komai ba, ya jira ɗan lokaci bakin na sama, domin wani sa'in wuta na makara ta tashi daga baya, sannan ya cire abun tayar da wutar ya zura sandar ɗuri. Akwai wani zane da ya yi da wuƙa a jikin sandar wanda na sha gani ban taɓa tambaya ba, in bindiga babu komai zanen yana daidai da baki. Ranar zanen ya tsaya sama da kusan yatsa biyu. Da na ƙara, ɗuri biyu kenan a tsohon bututun da maƙeri ya yi.

Sai da muka koma gida ya yi magana, ya kuma ƙara mun da wani gargaɗin da nake roƙon duk matashin da ke sha'awar harkar nan ya riƙe. Wasu suna farke harsashin zamani su juye garin ciki a bindigar toka wai don ƙara ta fi. Wancan garin mara hayaƙi ne, ƙarfin da yake tarawa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, bututunmu baya ɗauka, tarwatsewa yake yi a hannu. Yace ya ga mai yatsu uku saboda haka da idonshi.

Yanzu gorata tana can cikin akwati a ɗakin da ba a girki ba a kunna maganin sauro, makullin yana wuyana saboda yara. Kunnena kuma ina toshewa da auduga, domin Kawu na hagunshi ya riga ya tafi, sai ka zagayo dama kake gaishe shi. Sallar bana shi yana zaune a kujera a ƙofar gida, ni na fita da ƙahonshi a aljihu, kuma kafin in fita saida na zura sandar na duba zanen sau biyu a gabanshi.