Malamin da ke tashi ƙarfe biyar

Ranar da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwajensa, Farfesa, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa komai ba. Ya buɗe akwatin ɗumin da ake renon ƙwayoyin halitta a ciki, wanda kullum zafinsa ke kan digiri 37 kamar jikin mutum, ya fito da wata kwalbar roba mai jan ruwa kwance a cikinta. Ya ɗora ta ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ya ce in leƙa. Na ga ƙwayoyi manne da juna kamar daɓe.

Ya ce, "'Yata, na wa ne waɗannan?"

Na ce, "HeLa ce, Malam," don haka aka rubuta a jikin kwalbar.

Ya ce ba rubutun ya tambaye ni ba, mai su yake tambaya. A nan tsaye ya ba ni labarin Henrietta Lacks, wadda daga sunanta aka samo HeLa, uwar 'ya'ya biyar, wadda sankarar bakin mahaifa ta yi ajalinta a 1951 tana da shekara 31. A asibitin Johns Hopkins da ke Amurka aka ɗebi ƙwayoyin daga jikinta ba da saninta ba, kuma har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike ko'ina a duniya. Duk ɗalibin da ya zo, da wannan kwalbar yake tarbarsa.

Na ji labarin, amma bai shige ni ba sai da na yi ɓarna.

Wata bakwai na yi ina gwada wani sinadari a kan ƙwayoyin sankarar mama. Sakamako ya yi kyau har ina kasa barci don murna. Da na kai masa, ya daɗe yana juya takardun, sannan ya tambaye ni me ya sa ƙwayoyina ke cika kwalba da sauri fiye da da. Ni ko lura ban yi ba. Ya sa aka yi gwajin tantance asalinsu, amsa ta dawo: HeLa ce ta shiga ta mamaye su tun tuni. Wata bakwai ina bincike a kan abin da ba shi nake zato ba.

Wallahi ranar zuciyata ta raya mini abubuwa. Da ma ba a yi gwajin ba, wa zai sani? Ina jin ya karanta haka a fuskata, don kujera ya jawo ya zauna kusa da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun 1966 wani mai bincike, Stanley Gartler, ya nuna wa masana cewa ƙwayoyi da dama da suke taƙama da su HeLa ce ta cinye su, saboda haka ba ni ce farau ba. Sannan ya ce, "Matar da wata rana za a ba magani saboda takardarki ba ta nan balle ta tambaye ki. Ke za ki tambayi kanki a madadinta." Ya sa na rubuta duk abin da ya faru a littafin aikina, da biro, da kwanan wata. A wajensa ba a yage shafi, ba a goge kuskure. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta shi.

Muna bin littafin baya shafi-shafi sai muka gano inda aka haihu a ragaya. Wani dare ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na buɗe kwalabe iri biyu a lokaci guda don in gama da wuri.

Wannan ya sa na sake kallon wani halinsa da muke gulma a kai. Ƙarfe biyar na bugawa yake rataye farar rigarsa ya tafi gida, ko da wane baƙo ne a ofis. Mu ɗalibai mukan ce da yana kwana a kan aiki kamar wasu da sunansa ya fi haka nisa. Mai yiwuwa da takardunsa sun fi yawa. Amma ni ban taɓa ganin an janye ko ɗaya daga cikinsu saboda kuskure ba, kuma na ga abin da gajiyar dare ta jawo mini.

A shekarata ta biyu na haihu. Raino ga bincike, abin ya fi ƙarfina, na rubuta takardar ajiye karatu na kai masa. Ya karanta, ya ninke ta, ya tambaye ni ko na san Janet Rowley ta Jami'ar Shikago. Tun 1960 aka san cewa masu wani nau'in sankarar jini suna da guntun kuromosom (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta), wanda aka laƙaba wa sunan birnin Filadelfiya, ana ganin kamar wani yanki ne ya ɓace. Rowley, mai 'ya'ya huɗu, wadda ta yi shekaru tana zuwa aiki kwana uku kawai a mako, takan baje hotunan kuromosom a kan teburin gidanta tana jera su. Ita ta nuna a 1973 cewa yankin bai ɓace ba, musanya aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22. A kan wannan fahimta aka bi har aka kai ga imatinib, maganin da aka amince da shi a 2001, wanda ya sa masu wannan cuta da yawa suke rayuwa shekara da shekaru.

Bai tsaya ga labari ba. Ya ɗauko takarda muka tsara makona tare. Ƙwayoyi ba sa bukatar a zauna ana gadinsu, sauyin ruwa suke so duk bayan kwana biyu ko uku. Ranar da yarinya ba ta da lafiya, shi da kansa, da furfurarsa, yake sa safar hannu ya sauya wa kwalabena ruwa, ya bar mini 'yar takarda a kan tebur.

Da ya rasu na je gaida iyalinsa. Ban taɓa haɗuwa da 'ya'yansa ba, amma ina faɗin sunana babbar ta tambaye ni ya mai sunan Mama, wato 'yata. Ashe duk sun san mu, har wanda gwajinsa ya ƙi da wanda ya yi. Maiɗakinsa ta shiga ciki ta fito da littafin aikinsa na ƙarshe, ta ce in riƙe, ni zan gane rubutun. Na buɗe a mota. Lissafin ƙwayoyi ne jere da ƙaramin rubutunsa, da layi ɗaya ja a kan wani adadi da ya yi kuskure. A gefen shafin, da biro ɗaya, ya rubuta: "Auta, jarrabawar lissafi gobe, a duba mata darasi na shida."