Kilomita dubun Kawu

Talata. Sanyi ya fara cizo, rana ba ta leƙo ba sai wajen azahar.

Da sassafe Kawu ya kira, wai baƙinsa biyu na son zuwa Churchill, wani ƙaramin gari a arewacin Kanada, kallon farin beyar kafin Nuwamba ta wuce. "Ɗana, na duba a waya, kilomita dubu ne kacal daga Winnipeg. Ai ya ɗan ɗara Kano zuwa Legas ne kawai, a ba su mota mana." Na ce, Kawu, Allah ya ƙara girma, babu titin da ya shiga Churchill. Ya ce to su hau jirgi, awa ɗaya sun sauka. Maganar nan ta tsaya mini a rai wuni guda.

Lissafinsa na nisa daidai ne. Winnipeg na dab da digiri 50 arewa, Churchill na kusa da 59 a bakin tekun Hudson Bay. Kowane digiri kilomita 111 ne, ka haɗa da ɗan karkata gabas, ka tashi da dubu da 'yan kai. Amma jirgi mai farfela irin ATR da ke yawan bin layin nan gudunsa wajen kilomita 500 ne a awa. Ka sa hawa da sauka, ka sa iskar arewa maso yamma da ke tare masa gaba, awa biyu da rabi ke nan idan bai tsaya a hanya ba.

Abin da na kasa fahimtar da shi a waya shi ne zancen mai. Ba man kilomita dubu kaɗai ake sha ba. Idan hasashen yanayi bai da kyau, dole a ɗauki man zuwa Churchill, da na juyawa wani filin, Gillam ko Thompson, sannan ƙa'idar Kanada ta ce jirgi mai farfela ya riƙe na ƙarin minti 45 a kai. Thompson kuwa kusan kilomita 400 ce a baya. Duk kilo ɗin mai da aka ƙara, daga kaya ko fasinja ake rage shi. Shi ya sa mutum kan sauka lafiya, akwatinsa na Winnipeg yana jiran jirgin gobe. Don haka rigar sanyi, takalmi, safar hannu da magani a jiki suke tafiya ko a jakar hannu, ban yarda a sa su a akwati ba. Titin saukar jirgi na Churchill ba shi da laifi, ya kai wajen mita 2,800, gadon sansanin soja ne. Hazon teku da guguwar ƙanƙara ne ke hana sauka. Wanda ya sayi tikitin barin Winnipeg a ranar da zai dawo daga can, ya yi ganganci. A bar kwana ɗaya tsakani.

Na ambata masa jirgin ƙasa: kilomita kusan 1,700, kwana biyu a hanya. Ko su tuƙa kilomita 760 zuwa Thompson su hau daga can. Ya ce baƙinsa ba su da wannan haƙurin.

Shinkafa da wake da rana. Hajiya ta aiko da yaji.

Da dare sai 2017 ta faɗo mini. Ambaliya ta yanke layin dogon Churchill a watan Mayu, ba a sake ganin jirgin ƙasa a garin ba sai ƙarshen 2018. Mutum ƙasa da dubu, madara da burodinsu duk ta sama suke zuwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mu muna lissafa tazarar nan don yawon buɗe ido, su kuwa a kanta mai naƙuda da mai karaya ke jiran hazo ya yaye.

Gobe zan sake kiran Kawu kafin ya biya kuɗin tikiti.