Na je Biyana na ga mutumin da ya tsara ilimin tsofaffin kuɗi

Taron aiki ne ya kai ni Biyana, babban birnin Ostiriya, amma ranar da muka samu hutu ban bi abokan tafiya kasuwa ba, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na hau na sauka Volkstheater, nan da nan sai ga ni a dandalin Mariya Tereza. Sanyi kam ba a magana, yatsuna har sun daina jin waya.

A tsakiyar dandalin akwai ƙaton mutum-mutumin ita Mariya Tereza, tsohuwar sarauniyar ƙasar, tana zaune kan kujera, janar-janar ɗinta kan dawaki sun zagaye ta, kowa su yake ɗauka hoto. Ni kuwa zagayawa na yi ina neman wani malamin coci mai suna Joseph Eckhel, an sassaƙa shi can jikin gindin ginin a bayan likitan sarauniya, kusa da makaɗa, in ba ka san da shi ba wlh wucewa za ka yi. To shi ne ake kira uban ilimin tsofaffin kuɗi. An haife shi 1737, ya rasu 1798, sarauniyar ta ba shi riƙon taskar tsofaffin tsabar kuɗi ta fada a 1774. Kafin shi masu tara tsaba kowa da tsarinsa, wani ya jera bisa girma wani bisa ƙarfe, ga jabu sun cika littattafai, shi ya zauna ya jera kuɗin Girkawa bisa ƙasa da gari, ya fara daga Sifen ya yi gabas, ya tankaɗe na ƙarya, aikin ya fito juzu'i 8 tsakanin 1792 da 1798 da Latin. Har yau manyan gidajen tarihi tsarinsa suke bi.

Taskar tana saman gidan tarihin da ke gefen dandalin, wanda aka buɗe 1891, kayanta sun kai kimanin 600,000, ɗan kaɗan ne a gilashi. Ɗakunan shiru, mutane duk suna ƙasa wajen zane-zane, gaskiya abin ya ɗan ba ni haushi.

Da yamma na leƙa shagon wani tsoho mai sayar da tsaba, ya fito min da lambar girmamawa mai fuskar Eckhel daga ƙaramin akwati, ya ce kar in taɓa fuskar, gefe ake riƙewa. Ƙungiyar masana tsaba ta garin tun 1870 take, kuma da sunan Eckhel take karrama masananta. Kuɗin lambar ya fi ƙarfina, sai idona ya faɗa kan tiren gefe, kai! liyari ne, irin wanda tsofaffin mata ke hudawa su rataya a wuya. Azurfa ce giram 28 da kan Mariya Tereza, ta sahara ta iso mana, lokacin da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya zo Kano a 1851 ɗaya tana cin wuri 2,500. Na ce wannan ai tsohuwa ce tunda 1780 ke jiki, tsohon ya yi dariya ya ce shekarar rasuwarta ce, 'yan kasuwar Larabawa da Habasha ba sa karɓar wadda aka canza, shi ya sa har gobe 1780 ake bugawa, tawa ma ƙila ban girme ta da yawa ba. Na biya na sa a aljihun kwat na fita neman inda zan yi magariba.