Giga 100 cikin kwana tara, kuma ɓarawon yana kan teburina

Har yanzu in na tuna kallon da ƙanena ya yi mini a bakin zaure ranar da na ce shi ke cinye mana data, sai kunya ta kama ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, wallahi ban ba kowa lambar ba." Ni kuwa na riga na yanke hukunci tun kafin in fito daga falo.

Kwamfuta uku ce a gidan: ta tebur da nake lissafin shago da ita, laftof ɗin uwargida da take shirya darasin ɗalibanta, sai ta ƙanen nawa a ɗakin zaure. Da can kowa wayarsa yake kunna wa hotsifot, kowa da kuɗin datarsa. Da na buga lissafi na ga ɓarna ce, sai na sayi rauta, wato na'urar da ke raba wa gida intanet, mai ɗaukar sim na 4G, na zuba giga 100 na wata guda. Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Ta tebur na ja mata kebul, laftof ya hau Wi-Fi. Zaure ne sigina ba ya kaiwa saboda bangon bulo uku da ƙofar ƙarfe, sai na bi jikin katanga da kebul na mita 30, na ɗora wata tsohuwar rauta a can. Nan na ɗan yi tuntuɓe, domin rautocin biyu duk lambar adireshi ɗaya suke amsawa, 192.168.0.1, kuma kowacce tana raba wa na'urori adireshi, sai na'ura ta nuna ta hau amma shafi ya ƙi buɗewa. Na kashe DHCP, wato saitin da ke raba adireshin, a ta zauren, na mayar da lambarta 192.168.0.2, na soka kebul a ramin LAN na haɗa na'urorin gida maimakon WAN na karɓar layi daga waje, shi ke nan. La'asar ɗaya wannan ya ci mini, har ina yi wa kaina kirari.

Ranar ta tara saƙo ya shigo wai data ta ƙare.

Kamfanin layin na fara ɗora wa laifi, kamar yadda kowa ke yi. Na kira na zazzage wa baiwar Allahn da ta ɗauka faɗa, ita kuwa cikin sanyin murya ta karanto mini abin da aka sha kowace rana. Akwai daren da giga 19 ta tafi alhali duk gidan barci muke. Sai zargi ya koma kan maƙwabta, na canza lambar sirri. Na sake zuba giga 100, ta yi kwana goma sha biyu. A nan ne na tsaya a kan yaron, tunda abokansa kan taru a zauren bayan isha'i.

Ran nan bayan sallar asuba na shiga shafin rautar na duba jerin na'urorin da ke kanta. Goma sha ɗaya: kwamfuta uku, waya bakwai, da talabijin ɗin falo. Babu baƙo ko ɗaya. Na buɗe wurin da Windows ke nuna datar da aka sha cikin kwana 30 a kwamfutar teburina, sai jikina ya yi sanyi. Ita ce kan gaba. Ta shekara ba ta samu intanet na kirki ba, da ta ga kebul sai ta shiga biyan bashin sabuntawa, ta kuma kwashe fayilolin shago tana turawa ma'ajiyar intanet. Ta biyu wayata ce, wadda ta yi dare uku tana loda hotuna da bidiyon biki da suna na shekaru. Laftof ɗin ƙanena shi ne na kusa da ƙarshe.

Abin da na kasa ganewa tun farko shi ne, na'urorin nan intanet iri biyu suka sani. Datar sim suna riƙe ta kamar kuɗin cefane, Wi-Fi da kebul kuwa suna ɗaukarsu ruwan rijiyar gida, a ɗiba yadda aka ga dama. An tsara su haka ne saboda masu layin da ba shi da iyaka. To ni sai na ɗauko datar sim mai ƙidayayyen giga, na sa mata rigar Wi-Fi, ban kuma gaya wa ko na'ura ɗaya ba. Play Store na jiran Wi-Fi ya sabunta manhajoji, WhatsApp na jiran Wi-Fi ya sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf, YouTube a talabijin ya ga layi da gudu sai ya haye 1080p, hoto mai fita tar, wanda awa ɗaya kan wuce giga guda. A zamanin hotsifot awa ɗaya ake yi a kashe. Yanzu layin a buɗe yake dare da rana, har ƙaramin batir na saya masa don kada ɗauke wuta ya katse shi. Da hannuna na tabbatar ɓarnar ba ta huta ba.

Gyaran bai kai awa biyu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A kowace kwamfuta akwai maɓallin da aka rubuta Metered a kansa, wanda ke gaya mata layin nan na mita ne kamar wutar kati. Yana aiki a Wi-Fi, kuma tun 2017 Windows 10 ya yarda a sa shi a kebul. A lura, kowane sunan Wi-Fi da nasa saitin. Na saita na falo na manta na zaure, uwargida ta je can da laftof ɗinta ranar da aka yi baƙi, giga huɗu ta tafi. Wayoyin Android ma suna da irinsa a cikin saitin Wi-Fi, iPhone kuma yana da yanayin tsimin data. Na hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, na tsayar da lodin hotuna, na ɗaure talabijin a 480p mai ƙaramin hoto, yara suka yi ƙorafi kwana biyu suka saba.

Sabuntawar kuwa ban hana ta gaba ɗaya ba, kwamfutar da ake lissafin kuɗi a kanta ba a barinta haka. Microsoft na fitar da ta tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka a makon nake sayen datar dare mai araha, in cire mitar, in bar kwamfutocin su sha, da safe in mayar. Baƙi na buɗe musu layin baƙi daban a rautar, ina kashe shi in sun tafi.

Yanzu giga 100 na kai mu ƙarshen wata har da ragowa. Giga 200 ɗin farko kam sun tafi, da rabinsu na ajiye ai da na sauya batirin laftof ɗin uwargida da take ta yi mini mita a kansa. Ƙanena na same shi a zaure na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma har gobe in intanet ya ɗan yi nauyi, sai ya leƙo falo ya ce, "Yaya, a duba dai, ko ni ne."